Sauti na ɗaukewa bayan baƙon QEMU ya farka daga barci: laifin direban virtio-snd ne?

dan_kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da wani ɗan shiri da na rubuta da C, aikinsa kunna fayilolin sauti na WAV kai tsaye ta ALSA, wato sashen sauti na Linux, a kan hw:0,0, wato katin sauti na farko. Yana gudana ne a cikin baƙo, wato tsarin aikin da ke cikin kwamfutar kwaikwayo, Ubuntu 24.04 mai kanel 6.8, mai masaukin kuma QEMU 8.2 ne, shirin da ke kwaikwayon kwamfutar, da -device virtio-sound-pci (virtio ƙa'ida ce ta na'urorin kwaikwayo tsakanin baƙo da mai masauki). Komai lafiya lau har sai na kwantar da baƙon da echo mem > /sys/power/state. Idan na tashe shi da system_wakeup a na'urar lura ta QEMU, allo ya dawo, intanet ta dawo, sauti kuwa shiru kake ji. snd_pcm_writei sai ta dinga dawo min da -86 ba ƙaƙƙautawa, sai na kashe shirin na sake kunna shi.

Na leƙa sound/virtio/virtio_pcm.c, na ga a jerin tutocin hw.info, inda direba ke shelanta abin da yake iyawa, babu SNDRV_PCM_INFO_RESUME ko kaɗan. Ni dai a ganina direban nan bai kammalu ba ta ɓangaren barci da farkawa. Ina tunanin in ƙara tutar, in gwada, in ya yi aiki in tura faci, wato gyaran kod, ga masu kula da kanel. Akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan?

Malam_Sudo:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa kanel, me /proc/asound/card0/pcm0p/sub0/status yake nunawa a lokacin da shirun ya faru? Kuma a shirin naka, me kake yi idan writei ta dawo da lamba ƙasa da sifili?

dan_kurna:
Malam, yana nuna state: SUSPENDED. A shirin kuwa ina duba -EPIPE, in na gan ta in kira snd_pcm_prepare. Sauran lambobin ina buga su a allo ne in ci gaba.

Malam_Sudo:
To ai ga amsarka nan. -86 ɗin nan ita ce ESTRPIPE, kuma ba kuka ba ce daga direba, saƙo ne daga ALSA cewa an kwantar da magudanar sautinka lokacin barci, yanzu ana jiran ka faɗi abin da za a yi. EPIPE, wato -32, ita ce ta lokacin da ka makara wajen zuba sauti bafa, wato ma'ajiyar sautin da ke jiran fita, ta ƙare. Abu biyu ne daban. Ka miƙa lambar ga snd_pcm_recover, ita ta san duka biyun: in ESTRPIPE ce za ta kira snd_pcm_resume, ta jira muddin ana dawo mata da EAGAIN, in resume ɗin ya ƙi sai ta koma snd_pcm_prepare. Shi ke nan sauti ya dawo.

Gwada da aplay -D hw:0,0 ka gani da idonka. Bayan farkawa zai rubuta maka Suspended. Trying resume. Failed. Restarting stream. Done. Wannan Failed ɗin da ke tsakiya ba alamar lalacewa ba ce, hanyar ce haka.

ummi_tux:
Na goyi bayan Malam_Sudo. Mafi yawan misalan ALSA da ke yawo a intanet EPIPE kaɗai suke dubawa, shi ya sa kowa ke faɗawa nan.

dan_kurna:
Na sa snd_pcm_recover, sautin ya dawo, na gode. Amma tambayata tana nan daram. Me ya sa resume ɗin zai ƙi tun farko? Sautin da ke cikin bafa ya ɓace, an tsallake ɗan wani yanki na karatun da nake kunnawa. Na'urar nan fa ba ƙarfe ba ce, kod ne ke magana da kod. Idan katin sauti na gaske zai iya ci gaba daga inda ya tsaya, me zai hana na kwaikwayo?

Gwanin_Fagge:
Ɗan'uwa, bari in bi maka abin daki-daki yadda yake faruwa, domin in ka ga jerin za ka gane tutar nan da kake son ƙarawa alkawari ce da direban ba zai iya cikawa ba.

Da ka rubuta mem, kanel na fara daskarar da shirye-shiryen mai amfani, har da naka. Daga nan sai ta bi na'urori tana kwantar da su, 'ya'ya kafin iyaye. Na'urar PCM, wato mai ɗauke da magudanar sauti, tana ƙarƙashin katin sauti, katin kuma yana ƙarƙashin na'urar virtio, don haka PCM ce ke fara kwanciya. Tun daga kanel 5.1 cibiyar ALSA ce ke kiran snd_pcm_suspend_all da kanta, direba ba ya buƙatar yi. Wannan ne ke aika SNDRV_PCM_TRIGGER_SUSPEND zuwa ga direba. A virtio_pcm_ops.c za ka ga abin da yake yi da shi: ya ɗaga alamar suspended, ya daina tura saƙonnin sauti, ya aika VIRTIO_SND_R_PCM_STOP ta layin umarni. Sai sync_stop ya biyo baya, ya aika RELEASE, ya tsaya jiran duk saƙonnin da ke kan layin tx, wato layin tura sauti, su dawo. Ƙa'idar virtio ta wajabta wa na'urar ta kammala duk saƙonnin da ke hannunta kafin ta amsa RELEASE.

Lura da cewa duk wannan yana faruwa ne layuka huɗun nan, controlq, eventq, txq da rxq, suna raye. Bayan haka ne ake kiran virtsnd_freeze a virtio_card.c: ya rufe layin sanarwa, ya soke umarnin da ba a amsa ba, ya goge layukan gaba ɗaya, ya yi wa na'urar riset. A nan gizo ke saƙar. Riset a virtio yana nufin na'urar ta manta komai. Ta manta 48000 kake kunnawa ko 44100, ta manta tashoshi biyu ne ko ɗaya, ta manta girman bafa.

Lokacin farkawa, virtio_device_restore na sake gaisawa da na'urar daga farko, a sake daidaita fasaloli, sannan virtsnd_restore ya gina sababbin layuka ya kunna layin sanarwa. Iyakar aikinsa ke nan. Magudanar sauti ba ya taɓa ta. Sai shirinka ya kira prepare, direban ya ga alamar suspended ɗin nan, ya sake aika SET_PARAMS da tsofaffin ma'aunan da ALSA ta riƙe masa, sannan PREPARE. Ka ga ashe an yi tunanin farkawa sarai, an dai ajiye ta ne a cikin prepare.

sabon_shiga22:
Don Allah Yaya Gwani, ni ina koyo ne. In an ƙara tutar kawai ba a taɓa komai ba, me zai faru?

Gwanin_Fagge:
@sabon_shiga22 ƙanena, ALSA za ta yarda da maganarka ta aika TRIGGER_RESUME, direban kuma bai san wannan umarnin ba, zai dawo da EINVAL. In ka yi dabara ka haɗa shi da START, to za ka aika START ga na'urar da ba ta da ma'auni ko ɗaya. Kamar ka tashi daga teburin mai shayi ne, kafin ka dawo an canja mai shayin, kai kuma ka zauna ka ce masa ƙaro min irin na ɗazu. Bai san madara nawa ba, bai san sukari nawa ba, bai ma san ka taɓa zama ba. A ƙa'ida jerin shi ne SET_PARAMS, PREPARE, START, STOP, RELEASE, kuma na'ura mai bin ƙa'ida za ta ƙi START ɗin da ya tsallake na gabansa.

bazazzagi:
Ni fa ban gamsu ba, kuma ina ganin dan_kurna yana da gaskiya fiye da yadda kuke ba shi. Direban nan nonatomic ne, trigger ɗinsa yana iya barci yana jiran amsa. Me zai hana a cikin TRIGGER_RESUME ya aika SET_PARAMS, PREPARE, ya sake jera saƙonnin daga inda manunin matsayi a cikin bafa ya tsaya, sannan START? Bafar tana cikin ƙwaƙwalwar baƙo, kuma a S3, wato barcin ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ba ta gogewa. Sautin yana nan a ajiye. Abin da ake kira ba zai yiwu ba, ni ina ganin ba a dai so a yi ba ne.

Malam_Sudo:
Yallabai bazazzagi, babu wanda ya ce ba zai yiwu ba. Tambayar ita ce daga ina za ka ci gaba. Manunin da direban ke riƙe da shi yana motsawa ne idan na'urar ta dawo da saƙo, shi ya sa ma aka sa masa tutar BATCH. Dawo da saƙo kuma ba ya nufin sautin ya fita ta lasifika. Yana iya nufin QEMU ta karɓa ta miƙa wa PipeWire, sabar sauti ta mai masauki, yana can a wata bafar yana jiran layi. Sannan a lokacin RELEASE an tilasta wa na'urar ta dawo da duk saƙonnin da suka rage, ko an kunna su ko ba a kunna ba. To wanne aka ji, wanne aka zubar? Direba ba shi da tabbas. Ko dai ka maimaita wani yanki, ko ka tsallake wani. In kuwa haka ne, tutar RESUME ta zama ƙarya, domin ma'anarta a takardun kanel ita ce a dawo daidai yadda aka bari.

bazazzagi:
Maimaita ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ya fi shiru na har abada ga shirin da bai san ESTRPIPE ba.

ummi_tux:
Amma ko da tutar tana nan, shirin da bai san ESTRPIPE ba zai yi shiru ne dai. Magudanar tana zama a SUSPENDED har sai wani ya kira snd_pcm_resume ko prepare. Tutar tana canja amsar da resume zai bayar ne kawai: da ita a gwada, ba ita a dawo da ENOSYS. Shirin dan_kurna na farko, ko a kan katin Intel na gaske aka kunna shi ta hw:0,0, da -86 ɗin zai gani.

bazazzagi:
Wannan kam haka ne, Hajiya. To bari in taƙaita ƙorafina zuwa ga yankin da ke ɓacewa.

lissafi_dole:
Mu sa lamba a kai mu ga girman abin da ake jayayya a kansa. Sauti 48000, tashoshi biyu, bit 16: bayit 192,000 ke nan a daƙiƙa. Zango, wato yanki guda na bafa, mai firam 1024 bayit 4096 ne, kusan milisakan 21. In bafarka zango huɗu ce, abin da zai ɓace bai wuce milisakan 85 ba. In kuwa ka bar bafa mai rabin daƙiƙa irin wadda aplay ke nema, to kalma guda ko biyu na iya tafiya. dan_kurna, nawa ka sa?

dan_kurna:
Babba na sa, wajen daƙiƙa guda, saboda kwamfutar mai masaukin tsohuwa ce, ƙaramar bafa tana sa sautin tsinkewa. Shi ya sa tsallaken ya fito fili. Karatu ne ake bi aya-aya, in aka ci rabin aya kowa zai ji.

lissafi_dole:
To maganin yana hannunka. Kai ka san firam nawa ka rubuta. Riƙa duba snd_pcm_delay kana ajiye lambar ƙarshe da ka samu. Da ka ga ESTRPIPE, bayan recover, ja baya a fayil ɗin da girman wannan lambar, ko ma ka ja baya da bafa guda cur. Kai da ka san karatu ne, za ka iya ma komawa farkon ayar. Direba bai san aya ba, bayit kawai yake gani.

Damagaram_dev:
Sannunku da aiki. Ni daga Zinder nake bin maganar nan, kuma ina so a raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa, don na sha ganin wanda ke neman laifi a direba alhali direban ko labari bai ji ba.

Akwai barcin baƙo, wanda dan_kurna ya yi, ko ka yi shi daga waje da virsh dompmsuspend. Wannan ne kaɗai ke kiran freeze da restore. Akwai virsh suspend, wanda sunansa ke ruɗar mutane: dakatar da furosesan baƙo kawai yake yi, baƙon bai san an yi ba. Akwai kuma wanda ya fi yawa a wajenmu, a yanke kuran, batiri ya yi ƙasa, ka rufe murfin laftof, mai masaukin ne ya kwanta da QEMU a cikinsa. A biyun ƙarshen nan babu ESTRPIPE. In an ga wani abu, to yawanci EPIPE ce, ko agogon baƙo ya koma baya da gaskiyar lokaci. In sauti ya ɗauke a nan, a duba ɓangaren mai masauki tukuna.

ummi_tux:
Wallahi wannan na ukun shi ne rayuwarmu. Wuta ta tafi, a rufe murfi, a jira. Ni barcin baƙo ban taɓa buƙatarsa ba sai don gwaji.

sabon_shiga22:
To su wa aka yi wa barcin baƙon ke nan, in ba a cika amfani da shi ba?

Gwanin_Fagge:
Masu motoci ne a gaba. Anton Yakovlev na kamfanin OpenSynergy a Jamus ne ya rubuta direban, ya shiga kanel 5.13 a 2021, ta hannun Takashi Iwai mai kula da ALSA. Sana'ar kamfanin a lokacin ita ce ɗora tsarin aiki fiye da ɗaya a kan guntu guda a cikin mota: agogon gudu a gefe, Android na rediyo da taswira a gefe a matsayin baƙo. Mai mota ba zai kashe inji ya dawo ya zauna jiran Android ta tashi daga farko ba, don haka ake kwantar da ita a ƙwaƙwalwa. QEMU ma sai daga baya ta samu na'urar, a 8.2 a ƙarshen 2023. A ƙa'idar virtio 1.2 lambar na'urar sauti 25 ce.

tsohon_injiniya:
Tunda an zo maganar masu gina na'urar da kansu, bari in ba ku abin da na gani, don ku san ɓangaren na'ura ma yana da nasa. A wani wurin da na yi aiki, an rubuta namu ɓangaren na'urar na cikin gida, baƙon kuma yana amfani da direban kanel yadda yake. Kullum aka kwantar da baƙo yana cikin kunna sauti, sai barcin ya ɗan tsaya cak kamar daƙiƙa guda, dmesg, rahoton kanel, kuma ya nuna an gaji da jiran layin sauti. In babu sauti, barci sumul.

Abin da ke faruwa: da na'urar ta karɓi STOP sai ta daina taɓa layin tx gaba ɗaya. RELEASE ya zo, ta amsa da OK nan take, amma saƙonnin da ke hannunta tana riƙe da su. Direba yana can yana jiran su dawo har wa'adin msg_timeout_ms ya cika, wanda asalinsa milisakan 1000 ne. Daga nan aka goge layukan. Mafi muni, bayan riset wani zaren na'urar bai mutu ba, yana nan riƙe da adireshin tsohon layi. Baƙo ya farka, ya ba wani abin daban wannan wurin a ƙwaƙwalwa, zaren ya tashi ya rubuta amsarsa a ciki. Abin da ya faɗi a baƙon ba shi da alaƙa da sauti ko kaɗan, shi ya sa aka daɗe ana dube-dube a inda ba nan ba ne.

Gyaran layi kaɗan ne: a RELEASE a dawo da kowane saƙo kafin a amsa, a riset kuma a tsayar da kowane zare a jira mutuwarsa kafin a ce an gama. Duk mai rubuta na'ura ya riƙe wannan: bayan riset ba ka da ikon taɓa bayit ɗaya na baƙo.

dan_kurna:
Baba tsohon_injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ya sa na ga amfanin sync_stop ɗin da Gwani ya ambata, da na ɗauka ƙari ne kawai.

kernel_yarinya:
Ƙaramin gyara ga dogon bayanin Gwanin_Fagge. Ba kowane barci ne ke kai wa ga riset ba yanzu. A sababbin kanel, virtio_pci yana duba bit ɗin No_Soft_Reset a rajistar sarrafa wuta ta PCI. In na'urar ta ce ba ta mantuwa idan ta kwanta, to a barcin ƙwaƙwalwa ba a kiran freeze ɗin direba sam, layukan na nan yadda suke. Amma ɓangaren ALSA bai canja ba: an riga an aika STOP da RELEASE, magudana tana SUSPENDED, shiri zai ga ESTRPIPE, prepare zai sake aika SET_PARAMS, kuma ƙa'ida ta yarda da SET_PARAMS bayan RELEASE. Hanya ɗaya ta wadatar da hali biyun.

bazazzagi:
Madalla, kin ba ni makami. In na'urar ba ta mantuwa, to me ya sa za a yi RELEASE tun farko? A yi STOP kawai kamar yadda ake yi a PAUSE, saƙonnin su zauna a layi, a farka a aika START. Direban ai yana da tutar PAUSE, kuma PAUSE_PUSH da PAUSE_RELEASE suna aiki da STOP da START ne ba tare da an zubar da komai ba. Ga cikakkiyar farkawa nan a kyauta.

kernel_yarinya:
A takarda haka ne. Amma ana sa tutar hw.info ne tun lokacin da aka gina magudanar, direban sauti kuma yana zaune ne a saman virtio, bai san ko PCI ne a ƙarƙashinsa ko MMIO ba, balle ya san wane bit aka ɗaga. Sannan barcin da ake rubuta ƙwaƙwalwa a faifai, wato echo disk, dole ya bi ta freeze da restore, domin QEMU ɗin da za ka farka a ciki sabuwa ce fil. Sai ka yi alkawarin RESUME a buɗe magudana, a kwantar da kai ta hanyar da ba za ka iya cikawa ba.

bazazzagi:
Sai TRIGGER_RESUME ya dawo da kuskure a wannan halin, recover ta koma prepare kamar yadda take yi yanzu. Ba a yi asarar komai ba.

Malam_Sudo:
An yi asarar sauƙi. Yanzu hanya ɗaya ce, kowa ya san ta, kowane gwaji yana bi ta kanta. Kai kana son biyu, ɗaya ba a cika bi ba, kuma a cikinta akwai saƙonnin da ke rataye a layi tsawon barci. Irin wurin da ƙwaron tsohon_injiniya ke ɓuya ke nan. Ribar kuma milisakan ɗin da lissafi_dole ya ƙirga.

bazazzagi:
Ga mai kiɗa a mota ba komai ba ne. Ga mai naɗar murya fa? Ni dai ina nan a kan bakana, ya cancanci a gwada.

mai_rediyo_fm:
Tunda an ambaci naɗa, a ja kunnen masu shirin ɗaukar murya. Bayan prepare magudana tana komawa PREPARED ne, ba RUNNING ba. Mai kunnawa yana rubutu ya cika ma'aunin farawa, ta tashi da kanta. Mai ɗauka da ke kiran snd_pcm_readi kai tsaye shi ma yawanci karatun ne ke tashe ta. Amma wanda ke zaune a poll yana jiran a ce masa ga sauti, ko mai amfani da mmap, in bai kira snd_pcm_start da hannunsa ba zai zauna har gobe. Babu kuskure, babu komai a dmesg, fayil kawai ya daina girma. Na ga wannan ya ci wa wani abokin aiki hira guda cur.

ummi_tux:
Wannan ta fi ta dan_kurna ciwo, don shi aƙalla -86 tana yi masa ihu.

sabon_shiga22:
Wata tambaya, ku yi haƙuri. Ni a baƙona ina kallon bidiyo a Firefox, na kwantar na tashe shi, sauti ya ci gaba ban yi komai ba. Me ya sa ni ban ga matsalar ba?

Damagaram_dev:
Saboda Firefox ba ya magana da hw:0,0. Yana magana da PipeWire ko PulseAudio, su ne ke riƙe da na'urar, su ne ke karɓar ESTRPIPE su gyara a ɓoye. Shi ya sa ma zan tambayi dan_kurna ko akwai dalilin da ya hana shi amfani da default.

dan_kurna:
Akwai. Baƙon ba shi da tebur, ba mai shiga ciki, sabis ne kawai ke tashi da kansa. Ba na son in ɗora PipeWire don fayil ɗaya da ake kunnawa.

Gwanin_Fagge:
Dalili ne mai kyau. To ga yadda za ka gwada ba sai kana zuwa na'urar lura ta QEMU kowane lokaci ba. In kanel ɗinka tana da CONFIG_PM_DEBUG, rubuta echo devices > /sys/power/pm_test sannan echo mem. Za ta daskarar da shirye-shirye, ta kwantar da na'urori, ta jira daƙiƙa 5, ta tashe su, ba tare da ta shiga barcin gaske ba. Duk hanyar freeze da restore an bi ta. In ka gama ka mayar da none. Don barcin gaske mai tashi da kansa kuma akwai rtcwake -m mem -s 10, sai ka sa shi a madauki ka bar shi yana yi.

Duba /sys/power/mem_sleep ma. In deep ba ya ciki, S3 a kashe yake a injin ɗin, s2idle kake yi, wato barci mara zurfi. A injin QEMU nau'in q35 ana kunna shi da -global ICH9-LPC.disable_s3=0, a libvirt kuma da suspend-to-mem a sashen pm.

Kuma kada ka gwada lokacin kunnawa kaɗai. Gwada magudana a buɗe ba a fara ba, gwada tana PAUSED, gwada ana tsakiyar drain, wato jiran ragowar sauti ya gama fita, a ƙarshen fayil, gwada kunnawa da ɗauka a tare.

hda_har_abada:
Ni tambayata ɗaya: me ya kai ku virtio-sound? ich9-intel-hda da hda-duplex, kwaikwayon katin sautin HDA na Intel, suna nan shekara da shekaru, snd-hda-intel kuma an gwada barcinsa a kan laftof ba adadi. Sannan a QEMU 8.2 an yi wa virtio-sound alamar ba ta ƙaura, ba a iya adana halinta a mayar daga baya, wato savevm da managedsave za su ƙi muddin tana jikin injin. Ga wanda wuta ke yanke masa, managedsave ya fi masa barcin baƙo amfani nesa ba kusa ba, don ana rubuta komai a faifai a kashe kwamfutar ɗungurum.

kernel_yarinya:
Maganar ƙaura gaskiya ce a 8.2, kuma hujja ce mai ƙarfi ga mai tebur. Amma kwaikwayon HDA yana nufin kwaikwayon rajistoci da kodek na ƙarfen da babu shi, kuma ba kowane mai masauki ne QEMU ba. crosvm na da virtio-snd, akwai kuma vhost-device-sound na rust-vmm da ke fitar da na'urar zuwa wani shiri daban. Direba ɗaya a baƙo ya ishe su duka.

dan_kurna:
Na gwada shawarar lissafi_dole, ina komawa farkon ayar bayan recover, kuma da pm_test a madauki bai tsallake komai ba. Batun faci na ajiye shi tukuna, ko da yake maganar bazazzagi ta STOP ba RELEASE ba tana ci min rai, ina son in ga an gwada ta a kan na'urar da ba ta riset. Gwajin drain ɗin da Gwani ya faɗa ne ya fito da wani sabon abu: in barcin ya faɗo daidai lokacin snd_pcm_drain, ita ma ESTRPIPE take dawowa da shi, kuma a nan prepare ba ta da amfani tunda fayil ya ƙare. Me ya kamata a yi, a sake kunna wutsiyar ko a rufe kawai?

bazazzagi:
Sake kunna wutsiyar mana, kana da lambar delay a hannu. Ni kuma zan harhaɗa kanel da canjin nan nawa a ƙarshen mako in ga abin da manunin zai yi bayan START. kernel_yarinya, in kina da layin QEMU da kike ɗaga No_Soft_Reset da shi, ajiye min a nan.

mai_rediyo_fm:
In karatu ne a sake wutsiyar. In ƙararrawar sanarwa ce da lokacinta ya wuce tun baƙon na barci, a rufe kawai, kada ta tashi tana kiran mutane ga abin da aka gama. Duba agogo kafin ka yanke, kuma CLOCK_BOOTTIME za ka duba, domin CLOCK_MONOTONIC ba ya ƙirga lokacin barci.